JIRGI YA FASHE A KWATA, WA ZAI BIYA?

Jawabin kwamitin sulhu da anka karanta ga taron ƙungiya. Mun buga shi nan don ƴan'uwa da ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

  

   

Shugabannin ƙungiya sun umurce mu mu yi bayani yau bisa magana guda. In jirgin ruwa ya zo tsayawa a kwata, ya bugi wani jirgi ko dutse ko turke, ya fashe, kaya sunka jiƙe, wa zai biya, kuma nawa zai biya? Mun zauna da malamanmu, mun tambayi ɗiyanmu da sunka karanta dokar gwamnati, mun kuma ji ta bakin masu aikin ruwa. Ga abin da munka tattaro.

1. MI YA HAƊA MU DA JIRGI?

Wani dattijo zai ce mi ya haɗa mutumin Alela da jirgi. Gaskiya ne mu mutanen tudu ne. Daga ƙasar Ƙonni zuwa Malbaza zuwa Illela, gero da dawa da wake da albasa munka sani. Ruwanmu shi ne Majiya in ta kawo da damana, sai madatsun Mozage da Zango masu ba fadamar Ƙonni ruwa, sai tafkuna irin na Tabalak da Ɗan Dutsi inda masunta ke aiki.

Amma hanyar abincinmu ta ratsa babban gulbi. Albasar Galmi da ɗan biɗa mai zuwa Kwatano hanyarsu guda: Dogon Dutsi, Doso, Gaya, sai gadar da ke bisa Kwara zuwa Malanbil cikin ƙasar Benin. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja sunka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga watan ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, anka rufe iyakoki, manyan motoci sunka yi layi bakin gada. Mutane da kaya sunka koma ma jiragen fito. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren gadar ba cikin wannan shekara, fito ya ci gaba.

Cikin wanga hali ne ɗiyanmu da yawa sunka shiga sha'anin ruwa. Wasu dako suke yi a kwata, wasu yaran jirgi ne, wasu sun haɗa jari sun sayi inji ko jirgi sukutum. Akwai kuma namu da sunka daɗe a Yawuri da Ikko suna wannan aiki. Tun daga nan ƙararraki sunka fara zuwa gaban kwamiti. Ga yaro an riƙe mashi ladan wata da watanni an ce shi ya fasa jirgi. Ga falke an ce shi biya kuɗin fito bayan buhunanshi sun nutse. Ga ƴan gida guda sun bar gaisawa saboda katako uku. Abin da ya kawo maganar ke nan.

Masu aikin ruwa sun faɗa mana bakin kwata ya fi tsakiyar gulbi yawan ɓarna. Jirgi ba shi da birki. Shina zuwa da nauyi, ruwa na tura shi ta gefe, wasu jirage na ɗaure a jere, ƙarƙashi ga dutse ga kututture, fasinja kuma kowa ya miƙe shina son shi riga fita.

2. TSAUTSAYI DABAN, SAKACI DABAN

In ɓarna ta faru, kalma biyu ake ji. Wanda ya yi ta shi ce ƙaddara ce. Wanda anka yi ma shi ce sai an biya shi. Dukanmu mun yi imani da ƙaddara, amma shari'a ba ta taɓa sa ƙaddara ta zama mafakar mai sakaci ba.

Ku ɗauki abin da kowane manomi ya sani. In shanu sun shiga gona da dare sun ci hatsi, mai shanu ke biya, don tsaron dabba da dare a wuyanshi yake. Ba ya cewa Allah ya ƙaddara a sallame shi. In kuwa fari sunka sauka bisa gonar, babu wanda za a kama. Haka maganar jirgi take. Lamuni, watau nauyin biya, shina bin wanda ya yi ganganci, ko ya yi sakaci, ko ya ƙetare sharaɗin da anka yi da shi. Inda babu ɗaya cikin ukun nan, hasara ta mai dukiya ce, sai a yi mashi jaje a taimake shi.

Littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure sun yi wagga magana tun da daɗewa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ta ambaci mai jirgi da sunanshi, haka ma Muhtasar na Shehu Halil. Dokar gwamnati ma ba ta yi nisa da su ba. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, aya ta 1382, ta ɗora ma duk wanda laifinshi ya jawo ma wani hasara shi gyara. Aya ta 1383 ta haɗa har da sakaci da rashin lura. Aya ta 1384 ta ce mutum na ɗaukar nauyin ɓarnar abin da ke hannunshi da ta yaran aikinshi.

Saboda haka in an kawo mana ƙara, tambaya biyar muke fara yi. Da wane gudu jirgin ya shigo kwata? Lodinshi ya wuce ƙa'ida? Da rana ne ko da dare? An san inji ko igiya ko katako na da lahani tun kafin a tashi? Wa ke riƙe da jirgin a wannan lokaci, kuma wa ya ba shi? Mafi yawan ƙararraki cikin amsar waɗanga suke warwarewa.

3. MAI JIRGI, MAI HAYA, DA MATUƘI

Wanda ya ɗauki jirgi haya, shari'a ta ɗauke shi amintacce. In jirgin ya lalace a hannunshi ba da sakacinshi ba, ba ya biya, kuma ana gaskata maganarshi sai in ƙaryarshi ta bayyana. Amma in an yi da shi buhu 80 ya loda 120, ko an ce iyakarshi kwata kaza ya zarce, ko an hana shi tafiyar dare ya tafi, to ya fita daga amana, lamuni ya hau shi.

Matuƙin da anka ɗauka aiki shi ma haka. Muhtasar ya bayyana cewa in jirgi ya nutse a hannun matuƙi alhali abin da ya yi shi ne abin da masu sana'ar ke yi, babu biya a kanshi. Ku ji wannan da kyau, ku masu ɗiya a bakin ruwa. Yaro ya rage wuta inda ake ragewa, ya jefa igiya inda ake jefawa, sai ruɓaɓɓar igiyar maigida ta tsinke, jirgi ya bugi dutse. Wannan yaro ba a riƙe mashi lada. Igiya ta maigida ce, shi ya kamata shi canza ta. In kuwa yaron tsere yake da wani jirgi don shi riga shi samun fasinja, ko hankalinshi na bisa waya, ko ya sha abin da ya sha, to kowa ya ɗebo da zafi bakinshi.

Ku kuma masu jirgi, akwai naku. Wanda ya miƙa inji ga yaron da bai ƙware ba don ladanshi ya fi araha, shi ya fara sakaci. A gaban kotun gwamnati, wanda anka yi ma ɓarna shina iya barin yaron shi kama maigidan kai tsaye, bisa aya ta 1384 da munka ambata. Cewa "ba ni ke tuƙi ba" ba ta fid da kai.

Waɗanda kunka haɗa jari kunka sayi jirgi guda, hasarar tsautsayi bisa gwargwadon jarin kowa ake raba ta, kamar yadda ake raba riba. Mai kashi biyu shi ɗauki biyu, mai kashi guda shi ɗauki guda. Abokin tarayya da ke tuƙi ba ya ɗaukar ta shi kaɗai sai in sakacinshi ya tabbata.

4. IN JIRGI BIYU SUN YI KARO

Malaman Malikiyya sun bambanta karon mahaya biyu da karon jirgi biyu. Doki na da linzami, don haka mahayi ake tuhuma. Jirgi kuwa iska da ruwa ke kora shi, don haka in ba a san sanadi ba sai a ɗauka abin ya fi ƙarfinsu ne. Amma sun sa iyaka. In matuƙi na da ikon kauce ma ɗan'uwanshi ya ƙi, don tsoron kada shi nashi jirgin shi nutse, zai biya, don ba a tsirad da kai da dukiyar wani. Duhu ma ba su karɓe shi uzuri ba. Ga ganinmu, tun da jirgin yau inji gare shi, ana ƙara mashi wuta ana ragewa da hannu, uzurin "ya fi ƙarfina" ya ƙara ƙanƙancewa. Malamai na nan, in da gyara su gyara.

Ƙasashen duniya ma sun zauna bisa wagga magana. A birnin Burusal na Beljiyam, ranar 23 ga Satumba 1910, anka sa hannu ga yarjejeniyar karon jiragen teku. Abu uku ta tsaida. In tsautsayi ne tsantsa, kowa shi ɗauki hasararshi. In laifin ɗaya ne, shi biya. In duka biyun suna da laifi, a raba gwargwadon nauyin laifin kowa. An yi ta don jiragen teku, amma ma'auninta na da amfani ga mai sulhu a bakin gulbi.

Akwai wata ƙa'ida da kotunan Ingila da Amurka ke bi wadda hankali ya yarda da ita: in jirgi mai tafiya ya bugi jirgin da ke ɗaure a wurinshi, ko ya bugi gini, mai tafiyar ake fara tuhuma, shi zai kawo hujjar da za ta wanke shi. Ranar 26 ga Maris 2024 wani ƙaton jirgin kaya mai suna Dali ya bugi ginshiƙin gada a Baltimo ta Amurka bayan wuta ta ɗauke mashi. Gadar ta rushe, leburori 6 sunka mutu. Masu jirgin ba su tsira da cewa inji ne ya mutu ba. A watan Oktoba 2024 su da kamfanin da ke gudanad da shi sunka yarda su biya gwamnatin Amurka wajen dalar Amurka miliyan 102 kuɗin share hanyar ruwa kaɗai. Mutuwar inji ba ta zama uzuri sai an duba yadda ake kula da shi.

Amma wanda ke ɗaure ma ba kullum yake da gaskiya ba. In ka ɗaure jirginka a bakin mashiga inda kowa ke bi, ko ka bar shi da dare ba fitila, ko ka yi ɗaurin wasa ya kwance ya bi ruwa ya faɗa ma na wani, kana da kaso cikin laifi. Nan ne mai sulhu zai ce wane kashi biyu cikin uku, wane kashi guda.

5. KAYA DA KUƊIN FITO

Fatake, ga taku. Hukuncin Risala shi ne mai jirgi ba ya lamunin kayan da sunka nutse ba da laifinshi ba, amma kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isad da kaya. Ma'ana hasara ta rabu: kai ka rasa kaya, shi ya rasa lada. Saboda haka wanda buhunanshi sunka nutse tun ba a kai ba, ba a bin shi kuɗin fito.

To yaushe ake cewa kaya sun isa? Masu sharhi sun ce sai jirgi ya kai kwata kuma an samu damar sauke su. In ya fashe shina cikin tsayawa, kaya ba su isa ba. In kuwa ya tsaya lafiya, an ce maka zo ka kwashe, ka tafi cin abinci ko cinikin wani abu har hadari ya taso jirgi ya cika da ruwa, to kuɗin fito ya hau ka, hasara kuma taka ce.

Malamai sun ƙara tsanantawa ga mai ɗaukar kayan abinci, irin hatsi da mai, don hannu na saurin kai ma su. In mai kaya bai bi kayanshi ba, aka ce sun ɓace, sai mai ɗauka ya kawo shaidar yadda sunka ɓace, in ba haka ba shi biya. Wannan ya sa ƙidayar buhu gaban shaidu lokacin lodi ke da amfani ga kowane ɓangare.

Sai maganar zub da kaya. Jirgi ya tsage, ruwa na shiga, kwarfa ta kasa, matuƙi ya ce a rage nauyi. Ya halatta a jefa kaya don a tsira, ba a jefa mutum ko wane ne. Amma hasarar ba ta wanda anka jefa nashi ba ce shi kaɗai, don da kayanshi anka fanshi na saura. Malamai sun ce a raba ta bisa dukan kayan fatauci da ke cikin jirgin. Ga misali don a gane. A ce fatake uku ne, na farko kayanshi na jikka 500, na biyu 300, na uku 200, jimla 1000. Anka jefa na jikka 100 daga kayan na ukun. Hasara ta zama ɗaya cikin goma. Na farko shi ba da 50, na biyu shi ba da 30, na ukun shi haƙura da 20. Manyan jiragen teku ma da irin wanga lissafi suke aiki har yau, sai dai su har jirgin kanshi shina shiga cikin rabon.

Kada kuma wani shi dogara da asiransin mota. Asiransin dole da ke hannun direba lamunin ɓarnar da mota ta yi ma wani ne. Ba ta bin buhu daga bayan mota zuwa cikin jirgi.

6. NAWA ZA A BIYA?

Nan ne zumunta ta fi ɓaci. Mai jirgi shina son sabo, mai laifi shina son shi ba da kuɗin ƙusa shi wuce. Shari'a ta bi tsakiya. In ɓarnar kaɗan ce, jirgi na gyaruwa shi koma aiki, abin biya shi ne gyara da abin da ya ragu ga darajarshi. In ɓarnar ta kashe amfanin jirgin, mai shi ke da zaɓi: ko shi riƙe abinshi a cika mashi abin da ya ragu, ko shi bar ma mai laifi gawar jirgin shi karɓi ƙimarshi duka.

Ƙima kuwa ita ce darajar jirgin ranar da abin ya faru. Jirgin da ya shekara shida cikin ruwa ba a biyan shi da kuɗin sabo. A ce kafin karo za a saye shi jikka 600, bayan karo 450, to 150 ke tsakani. Ba mai jirgi ke yanka wannan ba, ba mai laifi ba. A kira kafintocin jirgi biyu da ba su da dangantaka da kowa, kowane shi faɗi nashi gaban sarkin ruwa.

Kwanakin da jirgi ya yi bisa tudu ba aiki, kotun gwamnati tana iya lissafa su cikin hasara. Don haka in ana sulhu a sa maganarsu a faifai tun farko, a yanka kwana nawa gyara zai ci, kada a bar ta ta zama sabuwar rigima.

Muna roƙon masu ƙarfi su ji tausai. Ku tuna ƙissar Annabi Musa da Halliru cikin Suratul Kahfi: jirgin da anka huda na wasu miskinai ne masu aiki a ruwa. Mai jirgi sau da yawa ba shi da gona sai ita. Wanda lamuni ya hau shi biya ba da ja-in-ja ba. Wanda za a biya kuma, in ya ga yaro ne marar komi, shi yanka mashi biya kaɗan-kaɗan bisa watanni.

7. RANAR DA ABIN YA FARU

Baƙo ko da ido makaho ne, mu kuwa baƙi ne a kowace kwata. Ga abin da ya kamata ɗanmu shi yi.

Da fari a fid da mutane, kaya su biyo baya. Kada a gudu, don mai gudu ya ba da shaida bisa kanshi. Kada a yi faɗa, kada kuma a ce "na ɗauka" cikin ruɗewa tun ba a bincika ba. A nemi shaidu biyu daga waɗanda ba su cikin jirgin ko ɗaya, a rubuta sunansu da garinsu. Mai waya shi ɗauki hoton wurin fashewa, da igiya, da lodin, tun ba a taɓa komi ba. A ƙidaya kayan da sunka jiƙe da waɗanda sunka tsira. A kira sarkin ruwa ko shugaban ƴan kwata, a kuma aika ma wakilin ƙungiya na wannan gari. Ƙa'idar shari'a sananniya ce, mai ƙara ke kawo shaida, mai musu ke rantsuwa. Wanda ya bar shaida ta watse ya bar haƙƙinshi ga rantsuwar wani.

A lura da ƙasar da abin ya faru cikinta, don hukumar wurin ke da magana. Tsakanin Nijar da Benin, Kotun Duniya ta yanka ranar 12 ga Yuli 2005 cewa iyaka na bin babbar hanyar jirage cikin gulbin, ta kuma ba Nijar tsibirin Lete. Kwatar Gaya ta hukumar Nijar ce, ta Malanbil ta Benin ce. A Nijeriya hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA, wadda anka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ita ke da dokokin lodi da rigar ceto da hana tafiyar dare. Wanda ya taka su ya raunana maganarshi tun ba a zauna ba.

In masu rigimar duka namu ne, sulhu ya fi. Doka mai lamba 2015-01 ta 13 ga Janairu 2015 ta tabbatad da ikon sarakunan gargajiya na Nijar su sasanta mutane cikin sha'anin al'ada da dukiya da ciniki, a rubuta takardar sulhu. A karɓi wannan takarda a adana. In sulhu ya ƙi, gidan shari'a na Ƙonni na nan, amma kowa ya san abin da zirga-zirgar shari'a ke ci.

8. IN RAI YA SALWANTA

Duk abin da munka faɗa maganar katako da buhu ce. Rai ba ya shiga sulhun bakin kwata, nan sai jandarma da alƙali, sai maganar diyya gaban malamai da dangi. Amma ku sani sakacin da ke fasa katako shi ke kashe mutane. A watan Fabrairu 2019 jirgin ƴan kasuwa da ya taso daga Benin da mutane da buhunan hatsi ya kife cikin iska a yankin Sambera ta jihar Doso, gab da isa gaɓa, mutum sama da 40 sunka ɓace. A watan Mayu 2021 wani jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a gulbi wajen Wara ta jihar Kabi. A watan Agusta 2025 na masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife, nan kusa da mu cikin ƙasar Sakkwato. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. In ka ga lodi ya kai ruwa ga leɓen jirgi, sauka ka jira na baya. Kasuwa za ta sake ci.

9. ABIN DA KWAMITI KE ROƘON TARO SHI AMINCE DA SHI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kawo shawara shida.

Ta ɗaya. Duk ɗan ƙungiya da zai ba da jirgi haya, ko shi karɓa, ko shi haɗa jari, a rubuta takarda da boko ko da ajami gaban shaidu biyu. A sa yawan lodi, da iyakar tafiya, da lokacin ɗaurewa, da wanda gyaran inji da igiya ke wuyanshi.

Ta biyu. Ranar miƙa jirgi a zagaya shi tare, a nuna tsohuwar tsaga da sabon faci, a rubuta.

Ta uku. Kada uba ko wa shi bar yaro shi kama aikin jirgi sai an faɗi ladanshi da abin da zai biya da abin da ba zai biya ba, gaban wakilinmu.

Ta huɗu. Falke shi ƙidaya buhunanshi gaban mai jirgi, a yi maganar kuɗin fito a fili cewa sai an sauke.

Ta biyar. Asusun ƙungiya shi taimaki wanda tsautsayi ya faɗa ma. Wanda sakacinshi ya tabbata, rance za a ba shi don shi sauke haƙƙin mutane, shi maido.

Ta shida. A kowane gari mai kwata inda namu ke zaune, a naɗa dattijo guda da mataimaki mai karatu, a ba sakatare sunansu kafin taro mai zuwa.

Ƴan'uwa, abin da ke kai mutum biɗa shi ne rufin asirin gida. Kada jarin shekara biyar shi tafi ga biyan abin da shari'a ba ta ɗora maka ba, kada kuma ka kwana da haƙƙin wani kana kiran shi ƙaddara. Wanda ke da ƙara a hannu shi ga sakatare bayan sallar la'asar, kwamiti zai zauna gobe da hantsi a zauren maigari.

Allah shi tsare matafiyanmu bisa tudu da cikin ruwa. Allah shi jiƙan waɗanda sunka riga mu. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi bar zumunci. Amin.